Makasa a Jikin Ɗan Adam: Shin Taɓawa Kaɗai Tana Kayar da Mutum?

Duk wanda ya saba kallon finafinan faɗa na ƙasar Sin ya taɓa ganin wani dattijo ya ɗora yatsu biyu a wuyan ƙato, ƙaton ya sandare ko ya zube ƙasa. Mutanen Sin suna kiran wannan fasaha dim mak, a Japan kuma ana ce wa irin waɗannan gurabu na jiki kyusho. Bahaushe ma yana da kalmarsa, wato makasa. Tushen koyarwar shi ne tsohon tibbin Sinawa, wanda ya ce akwai wata iskar rai da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, da gurabu 361 a kansu inda ake soka allura don magani. Masana ƙirar jiki sun daɗe suna feɗe gawa suna duba nama da madubin ƙara girma, ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Abin da suka gani shi ne jijiyoyin saƙo, da jijiyoyin jini, da tsoka, da ƙashi.

Amma gurabu masu rauni kam akwai su. Alal misali, a bayan gwiwar hannu akwai wata jijiyar saƙo da ta ratsa tsakanin fata da ƙashi ba tare da tsoka ta lulluɓe ta ba. Shi ya sa idan ɗalibi ya buga gwiwarsa a gefen tebur yakan ji kamar lantarki ya ja shi har zuwa ƙaramin yatsa. Haka nan naushi a ƙahon zuci yakan sa faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki ta ɗaure, numfashi ya ƙi fita na ɗan lokaci.

Matsalar ita ce yawancin waɗannan gurabu zafi kawai suke jawowa, zafi kuwa ba abin dogaro ba ne a wurin faɗa. Idan mutum ya fusata ko ya tsorata, jikinsa yakan tsarto sinadarin adiranalin da wasu sinadarai masu dusashe raɗaɗi, har a ji masa rauni bai sani ba sai ƙura ta lafa. Wanda ya bugu da giya ko ƙwaya ya fi haka. Bugu da ƙari, gurbin ɗan ƙarami ne, ga riga ta rufe shi, ga abokin faɗa ba ya tsayawa wuri guda. A ɗakin horo kuwa, almajiri yakan tsaya cik, yana ganin girman malaminsa, yana kuma sa ran faɗuwa tun kafin a taɓa shi. An gwada haka a shekarar 2005 a wani shirin talabijin na National Geographic, inda wani malami mai da'awar sumar da mutum ba tare da taɓa shi ba ya gwada a kan wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Luigi Garlaschelli. Ko gezau bai yi ba.

Abin da ke kayar da mutum da gaske shi ne abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa. 'Yan dambe sun san wannan tun kaka da kakanni, ko da ba su karanta shi a littafi ba: naushi a haɓa ko muƙamuƙi yakan juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙonta, sai a ce an yi kisa. Ƙarfi ne ya yi wannan aiki, ba sirri ba. A wasan judo kuma, shaƙa tana matse manyan jijiyoyi biyu na gefen wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, mutum ya sume cikin kamar daƙiƙa 10. A daidai inda kowace jijiyar ta rabu biyu akwai ɗan kumburi mai auna ƙarfin gudun jini. Idan aka danna shi, ƙwaƙwalwa takan ɗauka jini ya hau, sai ta sa zuciya ta rage bugu. Wannan ne ya fi kusa da abin da finafinai ke nunawa, sai dai ba kowa yake sumarwa ba, kuma yana iya yaga bangon jijiyar ko ya ɓalle gudan jini ya toshe hanya, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Yaran makarantar kwana masu wasan shaƙe juna don su ga wa zai suma, da wannan haɗari suke wasa.

Akwai ma bugun ƙirji da ke tsayar da aikin zuciya nan take, kamar yadda ya faru ga ɗan ƙwallon Amurka Damar Hamlin a watan Janairun 2023, wanda taimakon gaggawa a filin wasa ya ceci ransa. Hakan yana faruwa ne kawai idan bugun ya sauka saitin zuciya a cikin wani ɗan taƙi na zagayen bugunta, wanda tsawonsa kamar kashi 2 ne cikin 100 na daƙiƙa guda. Babu gwanin da yatsansa zai iya auna wannan lokaci da gangan.