Ƙarfen Yaƙi Ya Fara Shigowa Ta Sikeli: Gargaɗi Ga Nguru Da Gashuwa

A ƙarshen watan Janairun 2024 almajirai shida suka rasa rayukansu a garin Gubio na jihar Borno. Babu wanda ya kai musu hari. Wani abu ne da ke cikin tarkacen ƙarafan da aka tsinto aka tara don sayarwa ya tashi da su. Kafin wannan, a watan Agustan 2021, yara biyar sun mutu a wajen garin Ngala suna wasa da gurnetin da suka tsinta. Mutumin Nguru ko na Gashuwa yana iya jin wannan ya ce Allah Ya jiƙansu, ai can Borno ne. To, ƙarfe ba ya zama inda ya faɗi. Yana bin kuɗi, kuɗin kuwa ta ƙofar gidajenmu yake ratsawa.

Dubi hanyar da kanta. Kayan da aka tsinto a dazukan Gaidam, Yunusari, Kanamma da Dapchi, wuraren da aka sha ɗauki-ba-daɗi tsakanin sojoji da masu tayar da ƙayar baya, idan za su Kano sukan bi ta Bayamari su faɗo Gashuwa, su wuce Nguru, su nufi Haɗeja. A nan ake sauke buhuna, a tantance, a auna, a sake lodi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 garin yake matattarar kayan da ke fitowa daga gabas, da gyaɗa ce da fata da ƙaro, yanzu har da gwangwan. A watan Yulin 2023 Gwamna Babagana Umara Zulum ya haramta sana'ar tsintar ƙarafa a Borno, bayan an yi ta kashe masu shiga daji nemansu. A watan Mayun 2022 kaɗai an hallaka fiye da mutum 30 a ƙauyen Mudu na ƙaramar hukumar Dikwa. Matakin ya dace. Amma duk ɗan kasuwa ya san idan aka toshe wa haja ƙofa a wata jiha, maƙwabciya take nema, mu ne kuma maƙwabtan.

Ka tsaya a kowane wurin 'yan gwangwan da la'asar ka ga yadda cinikin yake. Yaro ne ɗan shekara goma ko sha biyu, buhu a kafaɗa, a hannunsa igiya an ɗaura mata mayen ƙarfe da aka ciro daga tsohuwar lasifika. Zai zazzage buhun a ƙasa: ƙusoshi, gindin tukunya, sarƙar keke, gwangwanin tumatir. Mai sikeli zai sa ƙafa ya baza, ya ware jan ƙarfe gefe, alminiyan gefe, baƙin ƙarfe gefe, ya rataya a ƙugiya ya karanta kilo. Ba a tambayar yaro inda ya samo. Yaron kuma ya riga ya koyi darasi guda: abin da ya fi nauyi shi ya fi kuɗi. Kan roka ko harsashin igwa kuwa abu ne mai nauyi ƙwarai in aka gwada da girmansa. Wato sikelin nan da kansa yake tura yaro wajen abin da zai kashe shi, yana kuma biyansa lada a kai.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne tsatsa. Sai ka ji babba da gemunsa yana cewa, "Ai wannan ya mutu, dubi yadda ya ci ƙasa." Tsatsa bawo take ci. Sinadarin da ke ciki yana nan daram shekara da shekaru, makunnin kuma ƙara saurin fushi yake yi yayin da yake tsufa. Wanda aka harba bai tashi ba ya fi wanda ke cikin akwati haɗari nesa ba kusa ba, domin harbawar ta riga ta kwance masa duk wani makulli, saura ƙiris yake jira. Ƙiris ɗin nan na iya zama jifa cikin amalanke, ko girgizar mota a kan ramukan hanya, ko guduma. Harsashin igwa yana da wani zobe na jan ƙarfe a gindinsa, jan ƙarfe kuwa shi ne mai tsada, don haka can ne mutum zai kafa kurfi ya fara duka. Ga masu cinna wa tarin waya wuta don roba ta narke su kwashi abin ciki, ba su san me ke ƙarƙashin tarin ba. Ga masu walda da ke yanka duk abin da aka kawo musu da wutar gas, ga maƙeran da ke narka alminiyan su zuba tukwane. Kowannensu yana aiki ne a tsakiyar unguwa, ga mai ƙosai a gefe, ga yara suna dawowa daga Islamiyya.

Wanda ke ganin na cika baki, ya dubi ƙasashen da suka riga mu shan wannan ɗaci. An gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, amma har gobe manoman arewacin Faransa da Beljiyam suna tono harsasan igwa da garma, su jera a bakin gona sai ƙwararru sun zo sun kwashe. A Jamus, a watan Satumban 2017, sai da aka fitar da mutum kusan 60,000 daga gidajensu a birnin Frankfurt saboda bam guda ɗaya da jirgin Ingila ya jefa a Yaƙin Duniya na Biyu. A 2010 a garin Göttingen wani irinsa ya kashe mutum uku, kuma ukun nan aikinsu ke nan, kwance bam. A gida ma haka ne. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970, amma a 2017 gwamnatin tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta kashe naira biliyan 88 wajen biyan diyya da kwashe ragowar nakiyoyi da bamabamai a yankunan da aka yi yaƙin. Namu rikicin da ya faro a 2009 ko ƙurarsa ba ta gama kwantawa ba.

Akwai kuma wata sabuwar sha'awa da nake gani tana tsiro a wajen samari, ita ce ajiye kayan soja don ado. Kwanson harsashi a maƙalar makullin babur, rigar kaki ta gwanjo, hular kwano da aka tsinto, a ɗauki hoto a sa a Facebook ko TikTok. Wasu sun ga Turawa suna yi ne. Gaskiya ne a Turai da Amurka akwai masu tara kayan yaƙi, suna bin kasuwannin tsofaffin kaya suna sayen lambobin yabo da hulunan ƙarfe, suna ziyartar gidajen tarihin soja irin na Landan. Mu ma muna da gidan tarihin yaƙi a Umuahia, inda aka ajiye bindigogi da jirage da bam ɗin Ogbunigwe na zamanin Biyafara. Sai dai duk abin da ke bayan gilashi a irin waɗannan wurare an riga an zare masa rai, ƙwararru sun duba sun sa hannu. Duk da haka a 2008, a jihar Bajiniya ta Amurka, wani da ya shahara wajen tara kayan yaƙin basasarsu ya mutu a ƙofar gidansa yana goge ƙwallon igwa, yaƙin da aka gama tun 1865. Mutumin da ya ƙware ke nan. Ina ga saurayin da iliminsa bai wuce abin da ya gani a waya ba? Ban da haka, a yankin da ake da bariki kamar na Nguru da shingen bincike a kan kowace babbar hanya, a kama ka da kaki ko harsashi a aljihu ba abin da "wallahi tsinta na yi" zai warware cikin sauƙi. Doka ta hana farar hula sa kayan soja, ta kuma hana riƙe harsashi ba lasisi.

Maganata mafi nauyi ga masu sikeli take. Alhaji, kai ne ka san kaya. Yaron da ya kawo maka bai san bambancin kan roka da bututun famfo ba, kai ka sani, ko aƙalla zuciyarka ta ɗarsa. Idan ka auna ka biya, ka gaya wa duk yaran unguwar cewa irin wannan abu haja ce, gobe za su tafi neman wani. Idan kuma ka tura shi cikin lodi ka rufe da tarkace don ya ƙara nauyi, ka ɗora shi a kan direba da yaran mota da duk garin da motar za ta ratsa har Kano. Ribar kilo nawa ce za ta biya wannan?

Alaramma, gafarta Malam, kai ma da kai nake. An san halin da tsangayu ke ciki, an san kuɗin gwangwan na saya wa yaro sabulu da ɗan abin kalaci. Amma amanar iyayensu tana wuyanka. Ka leƙa inda suke tara kayansu, kada ya zama a ɗakin da suke kwana ko kusa da wutar karatun dare. Iyaye mata su riƙa zazzage abin da yara suka shigo da shi daga kiwo ko gona, musamman bayan ruwa ya yi gyara, domin ambaliyar Kumadugu da zaizayar ƙasa suna tono abin da rairayi ya binne.

Idan aka ga abin da ba a gane ba, kada a taɓa, kada a ɗaga don a kai wa hukuma, domin ɗaukar ita ce haɗarin. Kada a jefe shi da dutse, kada a cinna masa wuta, kada a wurga shi kogi inda masunta ke jefa koma. A ja da baya ta inda aka zo, a sa alama daga nesa da ƙaya ko tsumma, a tsayar da babba ya hana yara da dabbobi matsowa, a sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. 'Yan sanda suna da sashen kwance bam, sojoji ma suna da nasu.

A nan ne hukuma ke da nata laifin da za ta gyara. Mutane da yawa suna yin shiru ne don tsoron kada mai kawo rahoto ya koma wanda ake tuhuma. Sai masarautun Bade da Nguru da shugabannin ƙananan hukumomi sun zauna da jami'an tsaro an fito fili an ba da tabbaci cewa wanda ya nuna abu ba za a tsare shi ba. A yi wa kowane wurin gwangwan rajista, a fitar da manyan daga tsakiyar unguwanni, a liƙa hotunan waɗannan abubuwa a jikin kowane sikeli da bayani cikin Hausa, Badanci, Manganci da Fulatanci, da boko da ajami. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi, UNMAS, ta fara aiki a arewa maso gabas a 2018, tana kuma da masu koyar da wannan. A gayyato su Gashuwa da Nguru, a fara da ƙungiyar masu sikeli da malaman tsangaya, kafin damina ta sauka.