Gam Ko Ɗinki: Rufe Raunin Masu Ciwon Daji

Mai fama da ciwon daji yakan sha allura har jijiyoyin hannunsa su lalace, domin magungunan suna da zafi ƙwarai. Saboda haka a shekarar 1982 likitoci a Amurka suka soma dasa wani ɗan ƙoƙo a ƙarƙashin fatar ƙirji, mai siririn bututu da ke shiga babbar jijiya. Ta nan ake zuba magani.

To, da me za a rufe wurin da aka tsaga? Tambayar ba ƙarama ba ce, gama magungunan suna raunana garkuwar jiki. Idan raunin ya yi ruwa, akan cire ƙoƙon, jiyya ta tsaya.

A da, ɗinki aka sani. A 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gam ɗin fata mai suna Dermabond, wanda kan ɓamɓare da kansa cikin kwana 5 zuwa 10. Wani gwaji da likitocin Jami'ar Duke suka buga a 2017 bai ga bambanci ba wajen ruɓewar rauni ko kyan tabo, sai dai gam ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Amma fa naman ciki ɗinke shi ake yi. Aikin gam a fata ya tsaya.