Daga Jela Ake Karanta Adireshi

Wani ƙanin mahaifina da ke noman rani a wajen Kura ya miƙo mini wayarsa ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Saƙo ne ya shigo masa ta WhatsApp, an tura shi daga zauren ƙungiyarsu ta manoma: wai ana rabon taki da iri, a latsa nan a cike suna kafin ƙarfe goma sha biyun dare. Ya ce, "Ɗana, duba mini. Na ga sunan gwamnati a jiki, amma raina bai kwanta ba." Na ce, "Baba, sunan da ke gaba ba shi ake dubawa ba. Kawo mu ga jelar." Ya yi dariya, ya ce shi dai ya san jelar sa da ta raƙumi, bai san waya ma tana da tata ba.

Tana da ita kuwa. Kowane adireshin intanet yana ƙarewa da 'yan haruffa bayan ɗigo na ƙarshe, kuma waɗannan haruffan ba ado ba ne. Tun daga 1985 aka fara ba ƙasashen duniya haruffa bibbiyu, kowace da nata: Najeriya ng, Nijar ne, Ghana gh, Kamaru cm, Saudiyya sa. Namu an buɗe shi a 1995, kuma ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke riƙe da littafin rajistarsa. Ƙungiyar ICANN da ke Amurka ce ke kula da babban jerin jelolin duka, amma kowace ƙasa ita ke shimfiɗa dokar wanda za ta ba wa suna a ƙarƙashin nata.

Masu wayo suka lura cewa wasu daga cikin haruffan nan sun yi daidai da ƙarshen kalmomi. Sai suka riƙa yanka kalma biyu, rabi kafin ɗigo, rabi bayansa, yadda in ka karanta a haɗe za ka ji sunan ya fito cif. Wanda ya taɓa tura bidiyo daga YouTube ya ga youtu.be. Wannan be ɗin na ƙasar Beljiyam ne. Instagram ya yi amfani da instagr.am, jelar Armeniya ke nan. A baya Google ya daɗe yana gajarta adireshi da goo.gl, wato Girinlan, ƙasar ƙanƙara. Ita kuwa wa.me da mai sayar da shinkafa ke liƙawa a tallarsa don a same shi kai tsaye a WhatsApp, da t.me na Telegram, jelarsu ta Montenegro ce, ƙasar da sai a 2006 ta zama mai cin gashin kanta. Ɗan Bunkure yana ratsa ƙasashen nan kullum da babban yatsansa, bai sani ba.

Abin dariyar shi ne Hausa ta fi Turanci dacewa da wannan wasa, don kalmominmu kusan duk da wasali suke ƙarewa. Na zauna wata rana na bi kayan lambu ɗaya bayan ɗaya. Albasa ta faɗa Saudiyya, alba.sa. Alkama ta tafi Maroko, alka.ma, manoma ma can suka bi ta. Tumatir ya sauka Iran, tumat.ir. Barkono Norway, attaruhu Hungary, tattasai kuwa wani ɗan tsibiri ne a tekun Karebiyan mai suna Angila, da za mu dawo kansa. Taki ya tafi Kiribati a tsakiyar tekun Fasifik. Hatta garuruwan ba su tsira ba: Tiga ta faɗa Gabon, Kano ta bi barkono zuwa Norway, Bunkure kuma tsibirin Reyuniyon na Faransa. Kura ce kaɗai ta ƙi shiga tarko, don babu ƙasar da aka ba ra. Waɗannan misalai ne na haɗa da kaina don a gane, ba wuraren da nake cewa a je ba ne.

To mene ne amfanin wannan? Yana da amfani, kada a ce na zo ɓata shi. Gajeren suna yana shiga a jikin buhu, a ƙofar shago, a bayan a-daidaita-sahu. Ana iya faɗarsa a rediyo a numfashi ɗaya. Sunaye masu daɗi da ke ƙarewa da com tuni an wawashe su shekaru da yawa, wanda ke riƙe da su kuma sai ya tsuga kuɗi, saboda haka ƙaramin ɗan kasuwa kan sami mafita a jelar wata ƙasa. Ga ƙungiyar masu casar shinkafa a Kura, ko dillalan tumatir a Kwanar Gafan da ke hulɗa da masu saye daga Legas da Fatakwal, sunan da mutum zai ji sau ɗaya ya riƙe ba ƙaramin jari ba ne.

Ƙasashen da Allah ya ci da su ma sun sha romo. Tubalu, tsibiran da mutanensu ba su fi dubu goma sha ɗaya ba, ta wayi gari da tv, gidajen talabijin na duniya suna rububi, kuma kuɗin hayar ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin shigar gwamnatinta. Angila da muka ambata tana da ai, haruffan da Turawa ke gajarta sunan fasahar ƙirƙirarriyar basira da su. A 2023 kaɗai ta sami kimanin dala miliyan 32 daga rajistar sunaye, wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar gwamnati. Ba gona, ba rijiyar mai, haruffa biyu kawai.

Sai dai manomin Kadawa ya fi kowa sanin bambancin gonar gado da gonar haya. Ruwan da ke ratsa Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974, aikin da gwamnatin Audu Bako ta assasa, kuma hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ke riƙe da ƙofofinsa. Kana iya zuba iri mai kyau, ka biya 'yan ƙwadago, ka sayi taki, amma ranar da aka rufe ƙofar ruwa don gyara, sai ka jira. Adireshin intanet haka yake, har ma ya fi. Ba a sayensa a mallaka. Haya ce da ake sabuntawa, galibi shekara-shekara. In ka manta ba ka biya ba, bayan ɗan wa'adi wani na iya ɗauka, ya gaji duk masu neman ka. Mai ƙofar kuma shi ne mai jelar.

An gani a aikace. A 2010 hukumar da ke kula da ly ta Libiya ta soke wani adireshi, vb.ly, ta ce abin da ke cikinsa ya saɓa wa dokokin ƙasar. Masu shi suna Amurka, ba su da yadda za su yi. Wannan ya tayar da hankalin masu amfani da bit.ly, wanda jelarsa ɗaya ce da wancan. A shekarar dai aka goge yu gaba ɗaya daga intanet, don ƙasar Yugoslabiya da aka ba wa ta riga ta wargaje. Kamfanonin fasaha da suka yi dafifi a io kuwa, sun shiga zulumi a Oktoban 2024 da Birtaniya ta sanar za ta miƙa tsibiran Chagos ga Morishas, don sunan yankin ne ya haifi jelar. Sannan ba kowace ƙasa ke buɗe ƙofa ga baƙo ba. Norway ba ta ba da no sai ga wanda ke da rajista a ƙasarta, Faransa ma ta taƙaita re ga mazauna Turai da yankunanta. Wato ɗan Kano ba zai iya zuwa kai tsaye ya karɓi sunan garinsu ba.

Akwai kuma matsalar kunne. Wani shafi da ya yi tashe, del.icio.us, wanda aka buɗe a 2003 kuma Yahoo ya saya a 2005, ƙarshe a 2008 sai da ya koma delicious.com, don mutane sun kasa tuna inda ɗigogin suke. In Bature mai jin yaren ya ruɗe, ina ga wanda ya ji sanarwa a rediyo yana tsakiyar ban ruwa? Zai ji "manoma", ya rubuta manoma ya ƙara com a baya kamar yadda ya saba, ya faɗa gidan wani. Harafi ɗaya ma ya isa. A Yulin 2023 jaridar Financial Times ta ruwaito cewa shekara da shekaru saƙonnin sojojin Amurka masu ɗimbin yawa suna ɓacewa zuwa jelar Mali, saboda masu rubutu suna tsallake harafi ɗaya: maimakon mil sai su rubuta ml. Haka cm na Kamaru da co na Kolombiya suka daɗe suna tsintar waɗanda yatsansu ya zame daga com.

A nan ne ɗan damfara ke shigowa, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Ya san idonmu ya saba da adireshi masu ban mamaki, ya san ba ma tambaya. Ya san kuma lokacin da manomi ke cikin matsi: gab da shuka, lokacin da buhun taki ya yi tsada kuma kuɗin shanshera bai shigo ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Kebbi a Nuwamban 2015, kunnen manomi ya saba da cewa tallafi na iya zuwa ta hanyar cike fom. Wannan sabon ne ake farauta da shi. Kalmar tallafi kanta, in ka yanka ta, Finland za ta kai ka, lamuni Nikaragwa, banki Kiribati. Suna na iya faɗin daidai abin da zuciyarka ke son ji, alhali bai gaya maka komai ba game da wanda ke bayansa. Shekaru da dama wani kamfani mai suna Freenom yana raba sunaye kyauta a ƙarƙashin tk da ml da ga da cf da gq, 'yan damfara suka mayar da su sansani, har kamfanin Meta mai Facebook ya maka shi a kotu, ya daina rajista a 2023. Da aka toshe wannan rami, sai suka koma wasu jeloli masu arha.

Ga abin da na nuna wa Baba. Ka tsallake https da layuka biyun da ke biye da shi, ka bi rubutun har ka iso karkataccen layi na farko, ka tsaya. Daga nan ka karanto baya. Abin da ke daf da layin shi ne jela, wanda ke gabansa shi ne mai gida. Duk abin da aka jera kafin nan, mai gida ne ya rubuta da hannunsa, yana iya sa sunan kowa. Adireshin Babban Banki cbn.gov.ng ne, na hukumar katin ɗan ƙasa nimc.gov.ng, na gwamnatin jiharmu kanostate.gov.ng. Wannan gov.ng ɗin, da a haɗe ake karanta shi jela guda, ba a ba kowa sai hukumar gwamnati, kuma sai da sahalewar hukumar NITDA. Amma in ka ga gov.ng a tsakiya, an biyo shi da wani ɗigo da wasu kalmomi kafin karkataccen layin, to riga ce aka aro. Saƙon Baba haka yake: sunan ma'aikata a gaba, gov da ng a tsakiya da ɗan jan layi tsakaninsu maimakon ɗigo, can ƙarshe kuma wata jela da ba ta da alaƙa da Najeriya.

Kada kuma a ɗauka duk mai ng mutumin kirki ne, com.ng da ng tsura kowa na iya yin rajistarsu. Ɗan kwaɗon da ke fitowa a gefen adireshi shi ma ba shaidar gaskiya ba ne, yana nufin dai ba mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da mai shafin, ko da mai shafin ɓarawo ne. Gajerun adireshi irin su bit.ly kuwa buhu ne a ɗaure: kamfanin na gaskiya ne, amma kowa na iya zuba abin da ya ga dama a ciki, ba za ka san inda za a kai ka ba sai ka isa. In ka isa, sake karanta adireshin da ke sama. In aka nemi BVN da lambar bayan katin ATM, ko lambar sirrin da banki ya turo maka yanzu-yanzu, rufe shafin. In aka ce sai ka tura wa mutum goma kafin sunanka ya shiga, rufe shi tun kafin nan. Malamin gona na KNARDA da shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yankinku suna nan, ƙafa na kai wa gare su.

Ga matasan da ke son buɗe wa sana'arsu shafi, ra'ayina shi ne a fara da na gida. A yi rajista da com.ng ko ng, a biya da naira, da sunan mai sana'ar da lambar wayarsa, ba da sunan yaron da ya haɗa shafin ba, don ran da aka ɓata shi zai tafi da makullin. In ana sha'awar yankakken suna mai daɗin faɗa, a karɓe shi a matsayin ƙari da zai riƙa tura mutane zuwa na ainihin, yadda youtu.be ke kai ka youtube.com. Manyan ma ba su tare a jelar wata ƙasa ba.

Baba dai ya goge saƙon, sannan ya sa na naɗa masa murya ya tura zauren ƙungiyar, yana gargaɗin kada kowa ya latsa. Kafin la'asar mutum biyu suka amsa cewa sun riga sun cike, ɗaya har da lambar katinsa. Shi aka ɗora a babur zuwa banki washegarin Lahadi, bayan ya kwana uku yana kiran layin toshe asusu.