Kujerar Taga Tsakanin Gida da Amurka

Duk Bahaushen da ke zaune a Buronks ta birnin Niyok, ko ɗan Kano ne, ko ɗan Maradi, ko ɗan zangon Kumasi, ya san zuwa ganin gida ba tafiyar kullum ba ce. Wani sai ya shekara uku yana tara kuɗin tikiti. Amma da an zo zaɓen kujera, sai ka ji ya ce, "Duk inda suka ajiye ni, Allah dai ya kai mu lafiya." Amin, amma a ganina zaman awa goma sha ɗaya ya cancanci a ɗan tsaya a yi masa lissafi.

Hanyar da ka biyo ita ke yanke abin da za ka gani. Wanda ya shiga jirgin Delta daga Akara zuwa Niyok, ko daga Legas zuwa Atlanta, da ya bar gaɓar Afirka ta Yamma sai ruwa da gajimare. Wanda ya biyo ta Istanbul ko Doha, shi ne mai rabo. Da yake duniya a mulmule take, gajeriyar hanya daga can sai ta karkata arewa sosai, sau da yawa har ta ratsa kudancin Girinlan. In sararin sama ya washe, za ka hango baƙaƙen duwatsu sun huda farar ƙanƙara, ga curin ƙanƙara birjik a teku kamar an shanya auduga. Mutumin da ya tashi a Damagaram, in ya ga wannan, ba abin da zai fito bakinsa sai tasbihi.

In za ka Amurka ta wannan hanya, nemi hannun dama, wato harafin ƙarshe na jeren, J ko K ko L gwargwadon jirgin. Can ke duban arewa, ga inuwa. Kujerar A ta hagu kudu take kallo, rana kuwa nan take yini. A dawowa sai abin ya juya, kodayake yawanci dare ake yi. Ka kuma duba taswirar kujeru, kada ka biya kuɗi ka ƙare da kallon fiffike.

Sai dai ga yawancinmu, amfanin taga ya wuce kallo: ita ce agogon salla. Agogon hannunka na kan lokacin gida, ƙasar da ke ƙarƙashinka na kan nata. Tsakanin Nijeriya da Niyok akwai awa 6 a lokacin hunturu, awa 5 da zafi. Mai nufar yamma yana bin rana, yininsa ya yi tsawo. Mai nufar gabas darensa ya gajarce, alfijir ya riske shi tun bai gama barcin farko ba. An yi wa matafiyi sauƙin kasaru da haɗa salloli, amma Asuba ba a haɗa ta da kowace, kuma a sama lokacinta ba ya daɗewa. Haka mai azumin da ya ƙi ajiyewa: malamai da dama sun yi fatawa cewa ba zai sha ruwa ba sai ya ga rana ta faɗi daga inda yake, ko da mutanen garin da ke ƙasa sun riga sun buɗe baki. To, wanda ke tsakiyar jere, an sauke murafen tagogi, ta ina zai gani? A jirgin Boeing 787 ma babu murfi, gilashin ne ke duhuntawa, kuma ma'aikata na iya duhunta duka daga wajensu. Ba laifi ba ne ka roƙe su cikin ladabi su buɗe maka taka.

Tsofaffi kam, shawararsu daban. 'Ya'ya kan saya wa Hajiya tikitin zuwa ganin jika, su zaɓa mata taga don ta ji daɗi. Ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta tashi baƙon namiji don zagayawa ba. Sai ta ƙi shan ruwa, ta naɗe ƙafa har a sauka. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa dogon zama ba motsi na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma na bakin taga sun fi kowa ƙin tashi.

Don haka in Hajiya ita kaɗai za ta taho, a ba ta bakin hanya. In da ɗan rakiya, a nemi jere mai kujeru biyu: ita a taga, shi a gefenta, ya riƙa cewa, "Inna, tashi mu ɗan taka."