Haƙƙoƙin Wanda Ake Tuhuma: Daga Ofishin 'Yan Sanda Zuwa Kotun Ƙoli

Shari'ar manyan laifuffuka ta bambanta da shari'ar haƙƙi tsakanin mutum da mutum, domin a cikinta hukuma ce da kanta take ƙarar ɗan ƙasa, tana riƙe da 'yan sanda da lauyoyi da gidajen yari da dukiyar gwamnati, alhali wanda ake tuhuma sau da yawa ba shi da komai sai bakinsa da 'yan'uwansa. Saboda wannan rashin daidaito ne dokokin Najeriya suka kewaye wanda ake zargi da wasu haƙƙoƙi waɗanda suke biye da shi tun daga lokacin da aka kama shi har zuwa ranar da kotu ta ƙarshe ta rufe maganarsa. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan haƙƙoƙi a matsayin ƙofar da masu laifi suke bi su kuɓuta, amma ainihin aikinsu shi ne hana kotu yin kuskure, domin hukuncin da aka gina a kan duka ko tsoro ko rashin fahimtar harshe yana iya faɗawa a kan marar laifi, mai laifin kuma ya ci gaba da yawo cikin jama'a.

Tushen al'amarin yana cikin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya tanadi cewa duk wanda ake tuhuma marar laifi ne a idon doka har sai an tabbatar da laifinsa. Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora nauyin tabbatarwar a kan mai gabatar da ƙara, ta kuma sharɗanta cewa hujjar ta kai matsayin da ba za ta bar kokwanto mai ma'ana a zuciyar alƙali ba. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin alƙalan da suka yi hukunci da fiƙihun Malikiyya shekaru aru-aru sun san cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma shubuha, wato duk abin da ya sanya shakka a kan aukuwar laifi, tana tunkuɗe haddi. A cikin wannan fiƙihu akwai kuma i'izari, wanda shi ne tambayar ƙarshe da alƙali yake yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko uzuri, kuma barin wannan tambaya kaɗai yana iya ɓata hukunci.

Kamu da Tsarewa

Sashe na 35 na Kundin ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa, ya kuma wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Dole ne a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana 1 idan akwai kotun da take da hurumi a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana 2 idan babu, sai dai in kotu ta ga akwai dalilin da ya sa aka daɗe. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a daga hukumar da ta tsare shi.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu daga baya, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019, ta shiga cikin abubuwan da talakawa suka daɗe suna kuka da su. Ta haramta kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓanin ciniki wanda babu laifi a cikinsa, ta kuma bayyana cewa mace tana iya tsayawa belin mutum kamar yadda namiji yake tsayawa. Ta umarci alƙalan majistare su riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata domin duba waɗanda suke tsare. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma duk kuɗin da aka karɓa da sunansa cin hanci ne. A laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, alƙalin Babbar Kotu ne kaɗai yake iya ba da beli, shi ma sai da dalili na musamman.

Iƙirarin da ake rubutawa a ofishin 'yan sanda shi ne wurin da shari'u masu yawa suke karkacewa tun kafin a isa kotu. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mayar da azabtar da wanda ake tsare da shi laifi mai zaman kansa, Dokar Shaida kuma ta hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar duka ko barazana. Idan wanda ake tuhuma ya ce tilasta masa aka yi, kotu takan dakatar da babbar shari'ar ta yi ƙaramar shari'a a cikinta domin gano yadda aka ɗauki jawabin, sai dai wajibi ne a yi wannan ƙorafi a lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, domin wanda ya yi shiru a wannan gaɓa yana wahalar da kansa a gaba.

A Gaban Alƙali

Shari'a tana farawa ne da karanta tuhuma, kuma dole a karanta ta a fassara ta yadda wanda ake tuhuma zai fahimta kafin a tambaye shi ko ya amsa ko ya musanta. Tun da harshen manyan kotuna Ingilishi ne, samun tafinta ba tare da biyan ko kwabo ba haƙƙi ne da Kundin ya ambata da sunansa. Yana da haƙƙin samun isasshen lokaci domin shirya kariya, da kare kansa da kansa ko ta bakin lauya, da yi wa shaidun gwamnati tambayoyi, da kiran nasa shaidun, kuma ba a tilasta masa ba da shaida a kan kansa. Ba a hukunta mutum a kan abin da ba laifi ba ne a ranar da ya aikata shi, ba a hukunta shi sai da rubutacciyar doka, ba a kuma sake gurfanar da shi a kan laifin da kotu mai hurumi ta riga ta wanke shi ko ta hukunta shi a kai, sai da umarnin kotun da take sama.

A laifin da yake ɗauke da hukuncin kisa, doka ta ƙara tsanantawa: ko da mutum ya amsa laifi, Babbar Kotu takan rubuta cewa bai amsa ba domin a tilasta wa gwamnati kawo hujja, kuma idan ba shi da lauya sai an samar masa. Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa a 1976, an yi ta ne domin marasa ƙarfi, ko da yake lauyoyinta sun yi kaɗan ƙwarai idan aka dubi yawan mabuƙata.

Babbar cutar tsarin tana cikin jira. Kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da suke gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne waɗanda ba a yanke musu hukunci ba. Sanadin haka sananne ne: ana kai wanda ake zargi da kisa ko fashi da makami gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraron laifin, sai ya tura shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a, fayil ɗin kuma ya kwanta wata da watanni. Dokar 2015 ta iyakance irin wannan tsarewa zuwa kwana 14 a karon farko tare da ƙayyade yadda ake sabunta ta, ta kuma nemi a riƙa sauraron shari'a kullum ba tare da yawan ɗagewa ba, amma aiki da dokar bai kai rubutunta ba.

Ɗaukaka Ƙara

Ɗaukaka ƙara ita ce neman kotu ta sama ta duba ko ta ƙasa ta yi kuskure wajen fahimtar doka ko auna hujja ko bin ƙa'ida. Daga kotun majistare ana zuwa Babbar Kotu, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara inda alƙalai 3 suke zama, sannan Kotun Ƙoli inda 5 suke zama, ko 7 idan maganar ta shafi fassara Kundin Tsarin Mulki. Kotun sama ba ta saba kiran shaidu daga farko ba, tana aiki ne da abin da aka rubuta a kundin shari'ar, shi ya sa Kundin ya ba wanda aka yanke wa hukunci ikon samun kwafin hukuncin cikin kwana 7. Wa'adin shigar da ƙara daga Babbar Kotu kwana 90 ne, daga Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli kuwa kwana 30, kuma wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci ya kawo dalili. Kotun tana iya tabbatar da hukunci, ko rage shi, ko soke shi ta sallami mutum, ko ta ba da umarnin a sake shari'ar.

Amfanin wannan mataki ya bayyana a shari'o'i biyu da duniya ta sa wa ido. A Oktoba 2001 babbar kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin rajamu, amma a Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Sakkwato ta soke shi, daga cikin dalilanta har da cewa abin da ake zargi ya faru kafin dokar da aka hukunta ta da ita ta fara aiki. Haka nan a ranar 25 ga Satumba 2003 takwararta ta Katsina ta wanke Amina Lawal da rinjayen alƙalai 4 cikin 5, bayan kotun Bakori ta yanke mata irin wannan hukunci kotun Funtuwa kuma ta tabbatar. Kotun Katsina ta dogara ga cewa alƙali ɗaya ya zauna a inda doka ta nemi ya zauna da mataimaka, da cewa mai iƙirari yana da ikon janye iƙirarinsa, da kuma ƙa'idar Malikiyya ta kwantaccen ciki, wadda take jingina cikin bazawara ga tsohon mijinta cikin wasu shekaru bayan saki. Duka matan biyu sun kuɓuta ne da hujjojin da suke cikin fiƙihun kansa, waɗanda kotunan farko suka tsallake.

Inda aka yi gaggawa kuwa, gyara ya gagara. An kashe Nasiru Bello a jihar Oyo a 1981 bisa hukuncin fashi da makami alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana jiran sauraro, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kisan ya saɓa wa doka, ta ba iyalinsa diyya. Tun daga lokacin ya tabbata cewa ba a zartar da hukuncin kisa matuƙar akwai sauran ƙara a gaban kotu. Bayan Kotun Ƙoli abin da ya rage shi ne afuwar shugaban ƙasa ko ta gwamna, wadda sassa na 175 da 212 suka tanada.

Masu hali sun san waɗannan ƙofofi duka. A Mayu 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar da aka ɗaure tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu shekara 12 a cikinta, saboda alƙalin da ya yanke hukuncin ya riga ya samu ƙarin girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, don haka ba shi da hurumin zama a kujerarsa ta da. Ƙa'idar da ta yi aiki a wannan shari'a ita ce dai doka ta tanadar wa manomi da ɗan acaɓa, bambancin kawai shi ne samun wanda zai ɗaga ta a kan lokaci.

Saboda haka ya kamata gwamnatocin jihohi su fassara dokokin shari'ar laifuffuka zuwa Hausa su yaɗa su a rediyo, su ƙara lauyoyin agaji da tafintoci, su kuma sa wa Ma'aikatun Shari'a ido a kan fayilolin da suke kwance. Iyalan da aka kama musu mutum kuwa, wajibi ne su rubuta ranar kamu da lambar shari'a, su nemi lauya tun kafin a ɗauki jawabi, su karɓi kwafin hukunci da zarar an yanke shi, kuma su shigar da takardar ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika.