Yaran da ke bayan zana: yaushe taimakon gwamnati zai iso ga masu naƙasar ƙwaƙwalwa?

Ƴan uwa mata, kusan kowace unguwa akwai gidan da aka san da wani yaro a ciki, amma ba a ganinsa a waje. Ya kai shekara bakwai bai iya magana sosai ba. Ko kuma yarinya ce ta girma, tsararrakinta sun tafi lakwal, ita kuma ko ɗaurin zane sai an yi mata. Mutane su ce dolo ne, wasu su ce ɗan ruwa, wasu su ce uwar ce ta tsallaka abu lokacin da take da ciki. Uwar kuwa ba ta zuwa biki, ba ta daɗewa a kasuwa, ranar zubi ma sai ta aiko da kuɗinta, domin babu wanda za ta bar masa yaron.

Likitoci na kiran wannan lalura naƙasar ƙwaƙwalwa ko jinkirin girma. Yaron yana koyo, amma a hankali, kuma yana buƙatar a maimaita masa. Daban take da taɓin hankali. Ba ta yaɗuwa ta hanyar taɓawa ko cin abinci tare. Abin tambaya shi ne: me hukuma ta tanadar wa irin waɗannan yara da iyayensu, kuma me ya kamata a sake domin taimakon ya iso gare su?

Abin da ke rubuce a takarda

Nijar ba ta rasa doka ba. Tun 1993 aka yi dokar farko ta kare naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A watan Disamba na 2019 aka fitar da sabuwar doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin al'umma. Dokokin sun yi maganar ilimi, da sauƙaƙe kuɗin gwaji da na kwanciya a manyan asibitocin gwamnati, da ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a manyan ma'aikatu. Akwai asusun ƙasa na tallafa musu, akwai kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu, FNPH. Ranar 31 ga Yuli ta kowace shekara ita ce ranar naƙasassu ta ƙasa.

To, ina gizo ke saƙar? Yawancin abin da aka gina, an gina shi ne domin naƙasar da ido ke gani. Makafi suna da makarantarsu a Yamai. Kurame suna da tasu a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Gurgu yana iya samun keke. Makaho da gurgu da kuturu suna da sarakunansu tun kaka da kakanni, suna da bakin da za su kai kuka. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ce ta samu matsala ba shi da sarki, sau da yawa ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, uwarsa kuma kunya da gorin mutane sun rufe mata baki.

Dubi lissafi ma. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce naƙasassu kashi 4.2 cikin 100 ne na ƴan ƙasa, wato sama da mutum dubu 700. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da naƙasa mai tsanani. Wannan tazara tana nuna akwai waɗanda ba a ƙirga ba. Idan mai ƙidaya ya tsaya a zaure ya tambayi maigida ko akwai naƙasasshe a gidan, zai tuna da makaho, amma ba lallai ya ambaci yaron da ke ƙuryar ɗaki ba. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ba a saka shi cikin kasafin kuɗi.

Daga ina lalurar take zuwa?

Sanin dalili yana sauke wa uwa nauyin zargi. Wasu yaran da ita ake haihuwarsu. Misali, lalurar da likitoci ke kira Down tana faruwa ne tun farkon shigar ciki, idan aka samu ƙarin ƙwayar halitta guda, kuma babu abin da uwa ta ci ko ta taka da ya jawo ta. Amma da yawa daga cikin abubuwan da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro a ƙasarmu ana iya kauce musu: doguwar naƙuda da ta sa jariri ya rasa numfashi, shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har yaro ya yi ta jijjiga, sanƙarau, ƙyanda, tamowa, da rashin sinadarin iyod a abincin mai ciki, wanda shi ne kuma ke kawo maƙoƙo. Gubar dalma ma tana ciki. A 2010, a maƙwabciyarmu jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Wannan izina ce ga duk garin da ake haƙar zinariya.

Shi ya sa zuwa awo, haihuwa a asibiti, rigakafi, maganin kariya daga zazzaɓi da ake raba wa ƙananan yara da damina, da gishiri mai iyod, duk suna cikin yaƙi da wannan lalura.

Gyara na farko: a gano da wuri

Tun 2006 gwamnati ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Iyaye mata suna kai yara CSI, a auna nauyi, a auna damtse, a yi allura. Abin da ya rage shi ne a riƙa duba girman hankalin yaro kamar yadda ake duba nauyinsa. Tambayoyin ba su da wuya, ba su kuma buƙatar na'ura. Ya kai wata 9 bai iya zama ba? Ya kai wata 18 bai fara tafiya ba? Ya kai shekara 2 ba ya furta kalmomi? Ba ya waiwayowa idan an kira sunansa? Ba ya haɗa ido da uwarsa? Idan aka horar da ma'aikatan CSI da ƴan sa-kai na lafiya da ke cikin ƙauyuka su riƙa yin waɗannan tambayoyi, za a gano yara da yawa tun ƙwaƙwalwa tana ɗanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani yaron ma za a tarar kunne ne ba ya ji. Wani kuma farfaɗiya ce, wadda akwai maganinta mai sauƙin kuɗi, kuma yawancin masu shan sa a kan ƙa'ida suna daina faɗuwa.

Gyara na biyu: a koya wa uwa, a kawo taimako kusa

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da masu koyar da magana ƙalilan ne, kuma yawancinsu a Yamai suke. Matar da ke wani ƙauye na Dakoro ko Tanut ba za ta riƙa biyan kuɗin mota zuwa babban birni duk wata ba. Idan an ce sai an gina babbar cibiya a kowace jiha, yaran da ke rarrafe yanzu za su tsufa suna jira.

Akwai wata hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani horo domin iyayen yara masu jinkirin girma ƴan shekara 2 zuwa 9. Ana yin zama 9 a rukuni, sannan a ziyarci kowane gida sau 3. Wanda ke koyarwa ba sai likita ba, ma'aikacin lafiya ko malamin da aka horar ya isa. An gwada shi a ƙasashe da dama, ciki har da Habasha da Kenya. Abin da ake koyarwa na yau da kullum ne: yadda za ki yi wasa da yaron har ya kula ki, yadda za ki raba aiki gunduwa-gunduwa, yau ya koyi riƙe cokali, gobe kai wa baki, yadda za ki gane abin da yake nufi idan yana kuka ko buga kai, da yadda ke kanki za ki samu hutu. Ku duba fa: mata su taru duk mako a inuwa guda su koyi abu tare, ai wannan mun riga mun iya tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991.

Gyara na uku: takarda da kati

Duk wani taimakon hukuma da takarda yake farawa. Yaro mai lalura shi ne aka fi mantawa a yi wa takardar haihuwa, wai don ba lakwal zai je ba. Kuskure ne babba. Ba takarda, ba rajista, ba kati, ba tallafi. Idan wa'adin sanar da haihuwa ya wuce, ana iya samun takardar ta hanyar alƙali, kuma lokaci-lokaci alƙalai suna fitowa ƙauyuka domin wannan aiki.

Ƙasar Senegal ta nuna abin da kati zai iya yi. Bayan dokarsu ta 2010, sun fara raba wa naƙasassu kati, suka kuma haɗa masu katin da tallafin kuɗi na iyali da inshorar lafiya. A nan gida an san tsarin tallafin da aka riƙa bai wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi jika goma duk wata. Abin da ya dace shi ne gidan da ke da yaro mai naƙasar ƙwaƙwalwa ya samu fifiko a irin wannan rajista, domin uwar ta bar sana'a saboda jinya. Kuma a riƙa yin rajistar a ma'aikatar magajin gari, kusa da mutane. Tunda kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa bayanin waɗannan haƙƙoƙi ya tsaya cikin Faransanci. A fassara, a karanta a rediyon karkara.

Gyara na huɗu: lakwal da sana'a

Tsarin da duniya ta koma yanzu shi ne yaro mai naƙasa ya zauna aji ɗaya da sauran yara a makarantar unguwarsu. Ƙungiyoyi irin su Humanité & Inclusion sun yi aiki da ma'aikatar ilimi kan wannan a Yamai da Maraɗi. Sai dai malamin da ke da yara cike da aji, ba a kuma taɓa koya masa yadda ake tafiyar da yaro mai jinkirin fahimta ba, zai ajiye shi a bayan aji ne kawai. Dole horon ya shiga makarantun koyar da malamai.

Yaron nan kuma zai girma. Da yawa daga cikinsu suna iya kiwon awaki, ban ruwan garka, ɓarzar gyaɗa, saƙar tabarma, ko taya tsaron shago, idan an koya musu da haƙuri. Wanda ya iya sana'a ba a tura shi bara. Ƴan mata kuwa suna buƙatar kariya ta musamman, domin miyagu sun san ba za su iya ba da labari ba. Idan yarinya irin wannan ta nuna an taɓa ta, a yarda da ita, a kai ta asibiti, a kai ƙara. Rabonta na gado ma yana nan, sai dai a samu amintacce ya riƙe mata.

Abin da ƙungiya za ta iya farawa

Ba sai mun jira Yamai ba. A zama mai zuwa, shugaba ta tambaya cikin mutunci: gida nawa ne a unguwarmu ke da irin waɗannan yara, nawa ne ba su da takardar haihuwa? A rubuta adadin, a kai wa magajin gari da shugaban CSI tun kafin a tsara kasafin kuɗin shekara. Mace ɗaya ana iya ce mata ta dawo gobe, amma mata talatin da takarda a hannu sai an ba su kujera.

A duba dokar asusun taimako, ko za a saka kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin maganin farfaɗiya cikin abin da ake ba da agaji a kansa. A yi karɓa-karɓa, wata ta zauna da yaron rabin yini domin uwar ta je kasuwa ko ta runtsa. A bar ta ta zo taro da ɗanta ba tare da an yi ta kallonsa ba. A hana ɗaure yaro da igiya ko kulle shi a ɗaki, a taya uwar neman wata dabara. Sannan mu gyara bakinmu da na ƴaƴanmu: yaron nan ranar suna an yanka masa rago, an raɗa masa suna. A kira shi da shi.