Tabon da ya ƙi warkewa da dutsen In Ekker

A arewa da Tamanrasset ta Aljeriya, tafiyar kusan kilomita 150, akwai wani dutse a yankin In Ekker da Abzinawa ke kira Tawrirt Tan Afella. A cikinsa ne sojojin Faransa suka haƙa ramuka suka tayar da bama-baman nukiliya 13 tsakanin Nuwamban 1961 da Fabrairun 1966, yawancinsu bayan Aljeriya ta samu 'yancin kai, don yarjejeniyar Ebiyan tsakanin Faransa da Aljeriya ta bar musu wurin har shekara biyar. Ranar 1 ga Mayu 1962 gwajin da suka raɗa wa suna Béryl ya kuɓuce musu. Toshiyar ramin ta ɓalle, narkakken dutse ya kwararo waje, ƙura mai guba ta lulluɓe sojoji da leburori da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo. Ɗayansu, Gaston Palewski, sankarar jini ta kashe shi a 1984, kuma ya mutu yana ganin ƙurar ce sanadi. Ɗayan, Pierre Messmer, ya rayu har 2007. Ƙura ɗaya suka shaƙa, ƙarshensu ya bambanta, kuma haka ciwon daji yake: yana jinkiri shekaru, ba ya zuwa da sunan wanda ya aiko shi. Shi ya sa mutumin da ya ga sabon tabo a fatarsa ko cikin bakinsa, a In Ekker yake ko a Agadas ko a Kano, tambayar da za ta fi yi masa amfani ita ce mene ne wannan tabon. Ta sanadi tana iya jira.

Cewa tururin nukiliya yana taɓa fata ba jita-jita ba ne. Tun 1902 likitoci a Hambug suka ba da rahoton daji a hannun wani ma'aikacin injin hoton ƙashi, kuma binciken da aka yi kan waɗanda suka tsira a Hiroshima da Nagasaki ya nuna ƙaruwar wani nau'in dajin fata a cikinsu. Fatar da tururin ya ƙona takan bushe, ta yi sirara, ta yi dabbare-dabbare, bayan shekara ashirin ko talatin wani gefe ya fashe ya zama gyambo. A In Ekker kuwa, hatsarin bai bi sojojin ba da suka bar wurin a 1967. Mutane sun riƙa kwasar waya da ƙarafan da aka bari suna sayarwa ko yin shinge, kuma masanan Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da suka je wurin a 1999 sun tarar da narkakken dutsen bakin ramin Béryl yana fitar da tururi har a lokacin.

Duk da haka, yawancin abin da ke fitowa a fata ko baki ba daji ba ne, kuma ya kamata a faɗi wannan da babbar murya don kada tsoro ya hana mutane dubawa. Tawadar Allah da aka haifi mutum da ita, ƙananan baƙaƙen ƙuraje da ke fesowa a kumatun manya, tabon da ya kumbura bayan hujin kunne ko tsaga, kitsen da ke motsi a ƙarƙashin fata in an taɓa, duk waɗannan ba sa kisa. Dasashi mai duhu ma halitta ce ga baƙar fata. Abin lura shi ne canji: tawadar da ta fara faɗi, gefenta ya karkace, launinta ya rarrabu, ko ta soma zubar da jini. Akwai kuma rukuni na tsakiya, wanda bai zama daji ba tukuna amma yana kan hanya, kuma a baki aka fi ganinsa. Wanda ya saba dunƙule garin taba da kanwa ko toka a kunci, abin da 'yan Aljeriya ke kira shamma, ya sa madubi ya ɗaga leɓensa ya dubi daidai inda tabar ke kwana. Idan ya ga farin tabo da ba ya gogewa da yatsa ko asuwaki, ko jan tabo mai santsi wanda ba ya zafi, to lokacin ganin likita ya yi. Jan ya fi farin hatsari, rashin zafin kuma shi ke yaudarar mutane. Miki a harshe ko ƙarƙashinsa da ya haura mako uku bai rufe ba, shi ma haka.

Wani zai ce ai dajin fata ciwon Turawa ne. Gaskiya ne baƙar fata tana kare mai ita daga rana sosai, sai dai tana da nata wuraren rauni. Melanoma, mafi muni a dajin fata, a wurinmu tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce take zaɓa, inda ba mai dubawa. Ita ce ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981, daga farcen yatsan ƙafa ta faro. Tsohon tabon ƙuna da gyambon ƙafa da aka yi shekaru ana ɗaurewa da tsumma sukan rikiɗe su zama daji, bakinsu ya yi tauri ya juye waje, kuma likitocin tiyata a Zariya da Kano sun san wannan sarai. Zabiya kuwa rana ce babbar abokiyar gabarsa, balle a tuddan Ahaggar inda Tamanrasset kanta take kusan mita 1,400 sama da teku. Rawani da amawali suna rufa wa fuska asiri, bayan hannu ne ke shan rana.

Hujjar da ta fi cin rayuka ita ce wadda ake ji a gidajenmu, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya bazu. Abin da ya haifi wannan zance a fili yake. Ana kai mara lafiya asibiti ne bayan an gama da turare da shafe-shafe, ciwon ya riga ya kai kaluluwa, in ya rasu sai a ɗora wa wuƙar likita. Alhali yankan ɗan mitsitsin nama a duba shi a ɗakin gwaji ne kaɗai ke raba tabo mara illa da mai illa, ko ƙwararren likita ba ya yanke hukunci da ido. Dajin fata da aka cire tun yana ƙarami galibi ya tafi ke nan.

Akwai kuma masu ganin cewa ambaton taba da rana a maganar In Ekker wanke Faransa ne. Ina ganin akasin haka ne. Dokar Morin da Faransa ta kafa a 2010 ta amince da biyan diyya kan jerin cututtuka, ciki har da dajin fata in ban da melanoma, da dajin guraben da ke samar da yawu. Amma tana neman shaidar cewa mutum ya zauna a yankin kafin ƙarshen 1967, da takardun asibiti da ke tabbatar da ciwon. Sharaɗin farko zalunci ne ga makiyayin da bai taɓa riƙe takardar zama ba, da wanda aka haifa daga baya ya tashi yana wasa da ƙarafan, kuma 'yan Aljeriyar da aka biya ba su taka kara sun karya ba. Sharaɗi na biyu kuwa yana hannun jama'a da hukumomin lafiya. Wanda aka binne ba a taɓa gwada namansa ba, babu rajistar da za ta ƙirga shi, babu kotun da za ta saurari magadansa.

Saboda haka 'yan'uwanmu da ke ci-rani a Tamanrasset da masu bin hanyar Assamaka, a guji tsohon ƙarfen da ba a san asalinsa ba daga wajen In Ekker, komai arharsa. Kowa kuma ya riƙa duba bakinsa da tafin ƙafarsa da na tsofaffin gidansa. Tabon da ya canja ko mikin da ya wuce mako uku, a kai shi asibiti, a nemi gwajin nama, a kuma adana takardar sakamakon.